Suna Jifan Kibiya a Jamus, Aljihunka Ake Hudawa

Karatu: 1 Timoti 6:6-10, Ishaya 65:11-12

Maganar yau ba mai daɗi ba ce, amma gara a faɗe ta a zumunta da a bar ta ta ci mu a ɓoye.

Kowace shekara, da an rufe kakar ƙwallon Turai a watan Mayu, sai ka zaci masu buga caca a waya za su huta. Ina! Mai yatsa da ya saba danna manhaja sai ya gangara ƙasan jerin wasanni yana neman abin da zai ɗora wa kuɗi. A watan Yuni kuwa, ɗaya daga cikin abin da yake tararwa shi ne gasar cin kofin duniya ta jifan ƙananan kibau, wasan da manhajar ke rubuta wa suna Darts. Akwai 'yan'uwanmu, masu waƙa a kwaya da masu koyar da yara ran Lahadi, da ke zuba kuɗi a kan wannan gasa, alhali ba su taɓa riƙe irin kibiyar a hannu ba. Ina so in faɗa ƙarara: wannan caca ce, zunubi ce, wauta ce kuma. Zan nuna dalili.

Mu fara da sanin wasan

Wasan kansa ba shi da laifi. Ana rataye allo mai da'ira a bango, tsakiyarsa mita 1.73 daga ƙasa, ɗan wasa ya tsaya nisan mita 2.37 ya jefa kibiya uku a kowane zuwa. Ana farawa da maki 501 ana ragewa, wanda ya riga kaiwa sifiri daidai ya ci zagayen, da sharaɗin kibiyar ƙarshe ta faɗa gurbin da ke ninka maki biyu. Mafi yawan abin da kibiya uku za su kawo shi ne 180. Aiki ne na natsuwa da horo na shekaru.

Hukumar PDC ce ke shirya gasar ƙasashe. An fara ta a Ingila a 2010, Holan ta ɗauki kofin farko. A 'yan shekarun nan a birnin Frankfurt na Jamus ake yi. Kowace ƙasa tana kawo mutum biyu, kuma tun 2023 ƙasashe 40 ke shiga, abokan wasan biyu suna karɓa-karɓa a kan maki ɗaya. Ƙasashe huɗu mafi ƙarfi sukan jira a zagaye na biyu, sauran 36 su fara fafatawa rukuni-rukuni.

Sai ka duba sunan da gasar ke ɗauke da shi. Shekaru da dama an liƙa mata sunan Betway, a 2024 da 2025 kuma na BetVictor. Duka biyun kamfanonin caca ne. Ɗan kasuwa ba ya zuba kuɗi inda ba zai kwasa ba. Idan kamfanin caca ya sayi sunan gasa, ya riga ya lissafa cewa masu kallo za su mayar masa da kuɗinsa har da riba. Tambayar ita ce, daga aljihun wa?

"Ai ni nazari nake yi"

Hujjar farko da za ka ji ke nan. Ɗan'uwa zai ce maka shi ba sa'a yake bi ba, yana duba tarihin 'yan wasa da matsayinsu kafin ya buga. To, mu gwada nazarin nan da abin da ya faru a Yunin 2025.

Ingila ta zo da Luke Humphries, na ɗaya a duniya a lokacin, da Luke Littler, na biyu, yaron da ya zama zakaran duniya a Janairun shekarar yana da shekara 17. Ingila ce kuma ke riƙe da kofin tun 2024. Duk mai "nazari" ya ɗauka magana ta ƙare. A wasansu na farko, Martin Schindler da Ricardo Pietreczko na Jamus suka fitar da su da ci 8 da 4. Kofin ya tafi Ireland ta Arewa, karon farko a tarihinta, bayan Josh Rock da Daryl Gurney sun doke Wales da ci 10 da 9 a zagaye na ƙarshe.

Ina nazarin ya shiga? Wasa ne da faɗin waya ɗaya a jikin allo ke raba ci da faɗuwa. A matakin rukuni, wanda ya riga cin zagaye huɗu ya gama, wato kuskure biyu ko uku sun isa su kori gwani. Kai kana Jos ko Kafanchan ko Maradi, ba ka san wanda ya kwana da zazzaɓi ba, ba ka san wanda ihun 'yan kallo ya rikita ba. Kamfanin kuwa yana da ma'aikata da kwamfutoci da aikinsu ke nan dare da rana. Da wa kake gasa?

Akwai abin da ya fi haka muni. Hukumar ladabtar da 'yan wasan, DRA, ta sha dakatar da wasu saboda sayar da wasa. A 2024 ta dakatar da wani matashi ɗan Ingila shekara takwas, yaron da ya taɓa zama zakaran matasa na duniya yana da shekara 13. Ba a gasar ƙasashen aka yi wannan ba, a ƙananan wasanni ne, amma ka ga abin da kuɗin caca ke yi wa wasa mai tsabta da kuma rayuwar yaro mai baiwa.

Lissafin da ba a nuna maka

Bari mu yi lissafin firamare. A ce ƙasashe biyu ƙarfinsu ɗaya, kamfani ya sa 1.85 a kan kowacce. Mutum 100 suka zuba naira 1,000 kowannensu a kan ta farko, wasu 100 suka zuba a kan ta biyu. Kamfani ya tara naira 200,000. Ko wacce ta ci, naira 185,000 zai biya. Naira 15,000 ta zama tasa tun kafin a jefa kibiya ɗaya.

Yanzu ɗauki dogon tikitin nan da matasa suka fi so, mai haɗa wasanni biyar irin wannan. Hanyoyin da sakamako zai iya fita 32 ne, ɗaya ce kawai taka. In mutum 32 suka zuba dubu-dubu, kowa da nasa haɗin, an tara naira 32,000. Mutum ɗaya zai ci, a ba shi kimanin naira 21,670. Sama da naira 10,000 ta kamfani ce, kusan kashi ɗaya cikin uku. Duk ƙarin wasa a tikiti, ƙarin rabon kamfani ne. Shi ya sa hoton mutum ɗayan nan ake yaɗawa a WhatsApp, sauran 31 kuwa kowa ya yi shiru da kunyarsa.

Ka lura da kyau: kuɗin da mai ci ya karɓa, na waɗancan 31 ne. Ba a noma komai ba, ba a ɗinka komai ba, ba a koyar da kowa ba. Kuɗin hayar wani ne, kuɗin jarrabawar ƙanwar wani, kuɗin maganin tsohuwar wani. Addu'ar mai caca, in ka fassara ta, cewa take yi, ya Allah ka sa maƙwabtana su yi asara domin in samu. Ka iya durƙusawa ka faɗi haka da bakinka? Doka ta goma ta hana mu ƙyashin abin maƙwabci, Ubangiji Yesu kuma ya sa ƙaunar maƙwabci kusa da ƙaunar Allah. Caca ba ta tafiya sai an taka duka biyun.

"Ina aka rubuta kada a buga?"

Hujja ta biyu ke nan, kuma masu ɗan sanin Littafi ne suka fi kawo ta. Sukan ce ai manzanni ma sun jefa ƙuri'a wajen zaɓen Matiyas a Ayyukan Manzanni sura 1. Gaskiya ne sun jefa. Amma wa ya zuba kuɗi? Wa ya koma gida da rabon wani? Sun yi addu'a ne suna neman nufin Allah game da hidima, babu wanda ya ci riba. Inda aka jefa ƙuri'a domin a mallaki kayan wani, ka duba Yahaya 19:23-24. Sojoji ne a gindin gicciye, a kan rigar Mai Ceto, yana rataye bisa kansu yana zub da jini. Ka zaɓi taron da kake so a same ka a ciki.

A karatunmu na yau, Bulus ya gargaɗi Timoti game da masu ɗokin yin arziki. Ya nuna masa tarko ne, kuma ƙarshensa mutum ya soki kansa da baƙin ciki iri-iri. Ka ga hoton? Kibiyar da ka zaci allo take nufa, kanka take komowa. Annabi Ishaya kuma ya tsawata wa mutanen da suka rabu da Ubangiji suka koma shirya wa gunkin sa'a tebur. Gunkin bai mutu ba, ya dai koma cikin waya. Wanda ya farka da asuba ya duba tikiti kafin ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya riga ya nuna inda begensa yake. Karin Magana 13:11 ma ta bambanta dukiyar da aka tara sannu a hankali da wadda ta zo a gaggauce, ta kuma faɗi wadda ke zurarewa. Kakanninmu sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, ba su yi ƙarya ba.

"Kuɗina ne, naira 200 ce kawai"

Da fari dai, Kirista ba shi da kuɗin kansa. Wakilai ne mu a kan abin da aka ba mu amana. A misalin talanti na Matiyu 25, an hukunta bawan da ya binne nasa bai juya ba. In wanda ya mayar da kuɗin cif-cif ya sha faɗa, me za a ce wa wanda ya miƙa su ga kamfanin caca?

Na biyu, ba wanda ya fara da dubu hamsin. Da naira 200 ake farawa, a yi asara, a ninka domin a maido, a ranci na aboki, a taɓa kuɗin shago, a yi wa Mama ƙaryar kuɗin littafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtukan da ta amince da su. A Birtaniya, inda wannan wasa ya samo asali, an hana yin caca da katin bashi tun Afrilun 2020, kuma a 2023 ƙungiyoyin Firimiya suka amince su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban rigunansu. Masu abin suna ja da baya, mu kuma muna rugawa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

"Babu aiki a ƙasa"

Wannan hujjar ce ta fi ciwo, domin akwai gaskiya a cikinta. Matasa da yawa sun gama makaranta suna zaune, farashi yana hawa, iyaye suna jira. Ba mai hankalin da zai raina wannan. Amma lissafin da muka yi bai canja ba saboda kana cikin wahala. Wanda ke da dubu biyar kacal shi ya fi kowa bukatar kada kashi ɗaya cikin uku ya tafi wa kamfani. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Bulus ya faɗa wa Afisawa mutum ya yi aikin kirki da hannunsa har ya sami abin taimakon mabukaci. Dubu biyar ɗin nan farkon jarin sayar da kati ne, ko kaza biyu, ko kuɗin motar zuwa koyon ɗinki.

Mu ma shugabanni da sauranmu. Idan ɗan'uwa ya tashi ba da shaida cewa Allah ya buɗe masa hanya, alhali kowa ya san tikiti ne ya ci, muka tafa, muka karɓi zakkarsa muna murmushi, mun koya wa yara talatin da ke zaune cewa hanyar tana da albarka. Zakka ba sabulu ba ce. Dole a daina wannan tafin.

Abin yi

In kana bugawa, goge manhajar yau, ka rufe asusun. Kada ka ce sai ka maido abin da ka rasa, wannan tunanin shi ne ƙugiyar. Ka zauna ka rubuta duk abin da ka zuba da abin da ka karɓa a wata uku, ka kalli lambar da idonka. Ka faɗa wa mutum ɗaya mai riƙe asiri, fasto ko dattijo ko shugaban zumunta, ka bar shi ya riƙa tambayarka. In ka taɓa kuɗin wani, ka je ka faɗa, ka shirya biya ko da kaɗan-kaɗan ne. Ka fita daga zaurukan da ake raba tikiti.

In kuma wani ya zo maka da wannan damuwa, kada ka mai da shi labari. Galatiyawa 6 ta koya mana mu komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, muna lura da kanmu. In wasan ne ya ba ka sha'awa, a sayo allo a rataye a ɗakin matasa, a yi gasa, mai ci ya sha tafi, kowa ya koma gida da kuɗinsa.

Mu yi addu'a

Ya Uba, ka san aljihunmu, ka san zuciyarmu. Ka gafarta mana inda muka dogara ga sa'a muka bar ka. Ka kwance 'yan'uwanmu da wannan igiya ta ɗaure, ka ba su ƙarfin faɗin gaskiya da ƙarfin biyan bashi. Ka buɗe wa marasa aiki ƙofar halal, ka koya mana gamsuwa da abin da ka ba mu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.