Martani: Firgici Ba Raki Ba Ne, Malam

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce masu ciwon firgici raki ne ke damunsu, wai su ja dogon numfashi su tashi. Da ka tambayi likita kafin ka ɗauki alƙalami, da ka gane shawararka ce ke hura wutar.

Mai firgici ba ƙarancin iska ke damunsa ba, numfashin ne ya yi yawa. Dube shi da kyau: yana haki da saman ƙirji, kafaɗu a ɗage, wuya a sandare. Hakin nan yana kwashe iskar kabon daga jini fiye da kima, jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa su tsuke. Sai jiri, leɓe da yatsu su dinga tsira-tsira, wani har hannunsa ya ƙage. Naman tsakanin haƙarƙari ya gaji, ƙirji ya ɗauki ciwo, mutum ya rantse zuciyarsa ce za ta tsaya. Wannan mummunar fassarar, in ji bayanin masanin halayyar ɗan Adam David Clark na 1986, ita ke ƙara tsoro, tsoron ya ƙara haki. Kai kuma ka zo kana cewa ya ƙara zuƙa!

Abin da masana ke koyarwa shi ne rage sauri: a shaƙa ta hanci har ciki ya taso, fitarwa ta fi tsawo, a saki tsoka ɗaya bayan ɗaya. Yawanci abin yakan kai ƙololuwa cikin minti goma, sannan ya fara lafawa. Wanda kuwa ciwon ƙirji ya kama karon farko, asibiti zai nufa a duba zuciyarsa, ba shafinka ba.