Yadda marubuta masu zaman kansu ke sauya salon aiki a zamanin ƙirƙirarriyar basira

Tun ranar 30 ga Nuwamban 2022 da kamfanin OpenAI ya saki manhajar ChatGPT, kasuwar rubutu ta shiga wani yanayi da ba ta saba gani ba. Bayanin kayan sayarwa da gajerun rubuce-rubucen talla, waɗanda a da kamfani zai biya mutum ya wuni yana yi, yanzu na'ura na fitar da su cikin daƙiƙu.

Waɗanda abin ya fara shafa su ne marubuta masu zaman kansu, wato waɗanda ba su da albashi, sai an ba su aiki sun yi sannan a biya su. Ma'aikacin jarida na da takardar ɗaukar aiki da ke kare shi zuwa wani lokaci. Shi kuwa mai zaman kansa ba a ma sallamarsa, shiru kawai zai ji daga masu ba shi aiki.

Wani bincike da malamai daga jami'ar Washington da ke St. Louis da jami'ar New York suka gudanar a dandalin Upwork, inda ake haɗa masu ba da aiki da masu yi, ya gano cewa bayan fitowar ChatGPT ayyukan da marubuta ke samu sun ragu da kashi 2 cikin 100, kuɗin da suke samu a wata kuma ya ragu da kusan kashi 5. Binciken ya kuma nuna cewa ƙwarewa da kyakkyawar shaida a dandalin ba su kare marubutan ba.

Inda na'ura ke tuntuɓe

Sai dai yayin da wasu ayyukan ke gushewa, kurakuran na'urar sun nuna inda ake ci gaba da buƙatar mutum. Waɗannan manhajoji suna harhaɗa kalmomi ne bisa abin da suka koya daga tarin rubuce-rubuce, ba sa tantance gaskiya da kansu, shi ya sa sukan ƙirƙiro abin da babu shi su kuma faɗe shi kamar tabbas ne.

A farkon 2023, shafin CNET na Amurka ya yi gyara a fiye da rabin maƙalu 77 da ya wallafa da taimakon na'ura. A watan Mayun 2025 kuma jaridar Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafai 15 da ta ba masu karatu shawarar su nema, sai aka gano 10 daga ciki babu su kwata-kwata. Wani marubuci mai zaman kansa ne ya haɗa jerin da na'ura bai bincika ba, kuma kamfanin da ya ba shi aikin ya raba gari da shi.

Wannan ya nuna cewa abin da edita ke biya a yanzu shi ne amana, wato mutumin da zai sa sunansa a kan rubutu ya kuma ɗauki alhakin abin da ke ciki.

Hanyoyin da marubuta ke bi

Wasu sun bar rubutun gama-gari sun koma wani fanni guda da suka sani sosai, kamar lafiya ko noma ko shari'a, inda kuskure ke da tsada. Wasu sun koma ga aikin da sai an taka ƙafa: zuwa kasuwa a ji farashi, zaman kotu, hira da wanda abin ya shafa. Na'ura ba za ta san abin da ba a taɓa rubutawa ba.

Akwai kuma waɗanda suka daina dogaro da kamfanoni, suka koma sayar da rubutunsu kai tsaye ga masu karatu a dandamali irin su Substack. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin marubutan labaran Hausa, musamman mata, sun daɗe suna sayar da littattafansu ta zaurukan WhatsApp, inda mai karatu ke biya saboda ya san alƙalamin marubuciyar.

Rukuni na ƙarshe su ne masu gyaran abin da na'ura ta rubuta ko ta fassara. A nan masu harshen Hausa na da ɗan sarari. Manhajar Google Translate ta fara fassara Hausa tun 2013, amma har yanzu na'urori na kasawa wajen karin magana da bambancin karin harshe, saboda rubutun Hausa a intanet bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na Ingilishi. Matsalar ita ce kuɗin gyara yawanci bai kai na fassara daga tushe ba, alhali mummunar fassara kan ci lokaci fiye da a sake ta gaba ɗaya.

Rashin ƙungiya

A 2023 marubutan finafinan Hollywood sun yi yajin aiki na kwana 148, suka samu yarjejeniyar da ta hana a lasafta na'ura a matsayin marubuci, ta kuma wajabta wa kamfanoni su sanar da marubuci idan abin da aka ba shi ya yi aiki a kai na'ura ce ta samar. Sun cim ma haka ne saboda suna da ƙungiya mai ƙarfi.

Marubuci mai zaman kansa shi kaɗai yake ciniki. Don haka kariyarsa tana cikin sharuɗɗan da ya gindaya kafin ya karɓi aiki: a fayyace ko an yarda ya yi amfani da na'ura, ko za a yi amfani da rubutunsa wajen horar da ita, sannan a biya kuɗin gyara bisa lokacin da aikin ya ci maimakon yawan kalmomi. Wanda ya karɓi aiki ba tare da waɗannan a rubuce ba, mai ba da aikin ne zai yanke masa farashi, kuma da farashin na'ura zai auna shi.