Doki Ya Ƙi Linzami: Laifin Wa?

Kwanan baya muna komowa daga makaranta muka iske wani maƙwabcinmu yana fama da sabon dokinsa a bakin rafi. Dokin ɗan shekara 3 ne, bai fi wata 2 da fara ɗaukar sirdi ba. In an ja linzami sai ya cira kai sama, ya wangame baki, ya yi ta ja da baya. Maigidan kuwa sai bulala. Ya ce mana, "Malam, an cuce ni, kangararre aka sayar mini." Muka roƙe shi ya sauka mu duba bakin. Da aka buɗe, ga dasashi ya yi ja wur, gefen leɓe ya tsage har da jini. Ashe ba kangara ba ce, ciwo ne.

Jama'a, doki ba ya magana. In ya ƙi linzami, akwai abu uku da ya kamata mu bincika kafin mu ɗauki bulala.

Na fari, bakinsa. Doki yakan fara famfara yana da shekara 2 da rabi, ba ya gamawa sai wajen shekara 5, watau daidai lokacin da mukan soma hawansa. Dasashinsa yana tsami a wannan lokaci. Turamensa kuma sukan yi kaifi a gefe su yanki kumatu ko harshe. Waɗansu dawaki suna da ɗan ƙaramin haƙori a gaban turame, inda ƙarfe ke bugunsa. Likitan dabbobi yana iya goge kaifin, ya cire ɗan haƙorin.

Na biyu, linzamin kansa. Tsakanin haƙoran gaba da turame akwai fili marar haƙori, nan linzami ke zama. Fata ce ƙalilan a bisa ƙashi. Linzaminmu na gargajiya mai zobe, wanda ke kewaye haɓa, yana da ƙarfi ƙwarai: ja kaɗan, sai ya matse muƙamuƙi ya tokari ganɗa. Na gogaggen doki ne da gogaggen mahayi. Sabon doki a nema masa mai santsi, marar tsatsa, mai gaɓa a tsaka, daidai faɗin bakinsa. In ya sauka ƙasa da yawa zai bugi haƙora, in ya hau sama zai tsaga leɓe.

Na uku, hannunmu. Yawancin masu koyon hawa da linzami suke riƙon kansu don kada su fāɗi. Doki kuwa halinsa ne, in an ja shi da ƙarfi, shi ma ya ja. Ba abin da ke koya masa sai saki. In mun ja kaɗan ya amsa, mu sassauta nan da nan, da haka zai gane abin da ake nufi. In ya amsa ba a sake shi ba, ina amfanin biyayyarsa?

To, ga shawarar da muka ba maƙwabcinmu. Ya ajiye linzami har bakin ya warke sarai. Ya koma ga ragama, yana ƙasa yana koya masa tsayawa, da juyawa dama da hagun, da ja da baya. Sa'an nan ya shafa wa sabon linzami ɗan zuma, ya sa masa na ɗan lokaci kowace rana ba tare da an ja ba. Bayan haka a hau shi a fili, tafiya kawai, ban da sukuwa, a kuma sauka tun bai gaji ba.

Kada mu raina wannan al'amari. Dokin da aka matsa wa baki yakan miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, wani lokaci ya kife bisa mahayi, sau da yawa kuwa yaran gida ne a kai. Bakin da aka kashe da ja kuma da wuya ya komo, kuɗin doki sun zube ke nan.

Shekaranjiya mun ga dokin nan ya wuce da ɗan maigidan a kai, baki rufe, kai a sassauce. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.