Buhun shinkafa ba ya kashe kuɗin-cizo

Rubutun wannan makon da kanmu za mu fara.

Duk azumi muna haɗa kuɗi mu kai shinkafa da atamfa gidan gajiyayyu, mu ɗauki hoto mu ɗora a nan, a yi ta sa mana albarka. Amma sai a ziyararmu ta ƙarshe wani ya ɗaga katifar da wani dattijo yake kwana a kai. Bakin ɗinkinta ya yi baƙi ƙirin da kashin kuɗin-cizo, bango kuma duk shaidar jini inda aka murtsuke su. Dattijon nan shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi. Ba ya iya juyawa, balle ya yi susa. Haka yake kwana ana shan jininsa.

Da muka yi magana sai aka ce ai an yi feshi. Da me? Fiya-fiya. Gubar da ke cikinta ita ce ke cikin Sniper, wanda NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna tun 2019. Shi ake watsawa a ɗakin masu asma da ciwon zuciya, kafin wari ya fita a mayar da su ciki. Kuma ba ya gama aikin. Ƙwan kuɗin-cizo yana ɓoye a tsagar gado da ta bango, ya ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10, manyan kuwa suna yin watanni ba su sha jini ba. Feshi ɗaya a shekara yaudarar kai ne.

Ga ɓeraye. Zazzaɓin Lassa, da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci. Buhun da muka kai muna murna, a ƙasa muka tarar da shi, a huje.

Mun san za a ce ai sun samu ci da makwanci, su gode wa Allah. Wanda ya faɗi haka ya kai mahaifiyarsa ta kwana ɗaya a kan katifar nan, sai mu saurare shi. Za a kuma ce babu kuɗi. Nawa ne tafasa ruwa a wanke zannuwan gado? Nawa ne siminti a toshe tsaga da ramuka, ko durom mai murfi a zuba hatsi? Ma'aikaci ɗaya da aka bar wa ɗakuna da yawa ba zai iya ba, shi ya sa ba shi muke zargi ba. Masu kula da gidajen nan da hukumar da ke sama da su muke tambaya: yaushe rabon da duba-gari ya leƙa ƙarƙashin gado?

Bana mun canza tsari. Rabin gudummawarmu za ta tafi kan katifu masu rufin leda, durom da siminti, da ƙwararren mai feshi da zai fitar da tsofaffi tukuna, ya kuma dawo bayan mako 2. Duk wata mutum biyu daga cikinmu za su je su ɗaga katifa, ba tare da kyamara ba.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. In Allah ya ba mu tsawon rai, ba mu san gadon da za mu ƙare a kai ba. Mai son shiga jerin masu zuwa ya rubuta sunansa a ƙasa.