TSOHO BA BUHUN GERO BA NE

Jama'a, ku tuna da Bakolori! Da aka datse Gulbin Sakkwato a 1978, ruwa ya ci gonakin talakawan Maradun da gidajensu. Aka kwashe su, yaro da babba, aka zube kan tudu. Samari suka tafi ci-rani. To, tsohuwar da ƙafa ba ta kai ta rijiya fa? Makahon da ya haddace hanyar masallacinsu fa, wa ya koya masa sabuwa? Da manoman ƙasar Talata Mafara da Bakura suka nemi diyya, harsashi aka ba su a Birnin Tudu a 1980. Mahukunta, kafin ku sake ta da wani gari, ku fara tanadar wa tsofaffinsa mazauni kusa da ruwa da dangi!