DAGA ƘOFAR ZAURE: Wa Ke Rubuta Maganin Da Muke Sha?

A wannan wata za mu ɗan ajiye zancen kasuwa, mu leƙa cikin baƙar ledar nan da kusan kowace tsohuwa a Zongo take ratayewa a gefen gadonta, wato ledar magani.

Abin da ya jawo zancen kuwa shi ne wata gwaggonmu mai fama da hawan jini. Likita ya rubuta mata Amlor, ƙwaya ɗaya kullum. Ana nan sai ɗanta da ke fatauci a Gana ya aiko mata da wani kwali, ya ce shi ma na hawan jini ne, kuma mai kyau ne. A jikinsa an rubuta Amlodipine. Gwaggo ta haɗa biyun tana sha, tana sa wa ɗan nata albarka. Kafin wata ya zagayo ƙafafunta sun kumbura, in ta miƙe sai jiri ya ɗebe ta, har wata asuba ta faɗi a wajen alwala. Mu kuwa muka yi ta cewa tsufa ne.

Wadda ta gano bakin zaren ba likita ba ce. Wata yarinya ce cikin masu tsayawa bayan kanta a farmasi. Da muka je sabunta magani ta ji muna zancen jirin, sai ta ce: "Baba, don Allah gobe ku zo mini da ledar gaba ɗaya." Muka kai. Ta zazzage a kan kanta, ta ɗauki karnen asibiti na gwaggo ta rubuta sunan kowane kwali, ƙarfinsa, lokacin shansa, da inda aka samo shi. Tana isa layi na huɗu ta tsaya, ta shiga ciki ta kira mai farmasin. Ashe Amlor da Amlodipine abu guda ne, ɗaya sunan kamfani, ɗaya sunan asali. Yarinyar ba ta ce a daina ko a canja ba, don wannan ba huruminta ba ne. Mai farmasin ne ya yi magana, ya kuma mai da mu wajen likita da takardar a hannu. To amma da ba ta rubuta ba, wa zai gani?

Dattawa za su tuna yadda muka zo nan. A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi daga Faransa ya yi tashin gwauron zabo, mutane da yawa suka koma wajen masu tallar magani a faranti. Daga baya aka kafa CAMEG don kawo magunguna masu sunan asali da rahusa. Wannan alheri ne, sai dai tun daga nan magani guda yake zuwa mana da sunaye barkatai. Doliprane, Efferalgan da Panadol duk farasitamol ne, kuma babban mutum bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba, in ba haka ba hanta ce za ta biya. Glucophage na masu ciwon suga shi ne Metformin.

Mu 'yan Zongo abin ya fi shafar mu, domin ƙafarmu ba ta zama wuri ɗaya. Yau mutum yana Lome, gobe ya tsallaka Aflao, wata mai zuwa yana Yamai ko Kano, alhaji kuma ya dawo daga Makka da nasa tsarabar. Takardar nan da Faransanci, waccan da Turanci, kuma babu likitan da ya ga ta ɗan'uwansa. Ga maganin ciwon jiki irin su Diclofenac da muke wa kallon alewa, alhali yana iya tayar da hawan jini, ya kuma taɓa ƙoda. Ga jiƙe-jiƙen gargajiya da muke jin kunyar ambata.

Ba wai ba a rubutu a farmasi ba ne. Ana yi, har da yawa. Akwai rijistar magungunan da doka ta ce sai da takardar likita, akwai takardun inshora na INAM da aka kafa a 2011, da na AMU da aka fara a Janairun 2024. Amma wannan rubutun na hukuma ne da na biyan kuɗi, can yake zama. Wanda muke nema shi ne mai bin majiyyaci gida.

Har zancen jabu ma rubutu na taimakawa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci, kuma a nan Lome aka yi taron shugabannin ƙasashe kan wannan bala'i a Janairun 2020. In magani bai yi aiki ba, karnen ne zai nuna inda aka saye shi da ranar.

Don haka muna roƙon 'ya'yanmu da Allah ya ba aiki a bayan kanta: in tsoho ya zo, ku yi masa Hausa, ku tambayi ledarsa, ku rubuta. Yawancin iyayenmu ba sa karanta Faransanci, amma ajami kam suna karantawa sarai. Ku sa masu "bayan asuba" ko "bayan isha'i" a jikin kwali, ya fi masu zane uku da ba su san na safe da na dare ba. Masu farmasi kuma su ba yaran nan 'yan mintoci, kada su riƙa hararar su don layi ya tsaya. Masu ciwon suga, musamman masu shan Daonil, ku kai karnenku tun cikin Sha'aban, domin wannan magani yana iya saukar da suga ƙasa ƙwarai in mutum yana azumi, kuma likita ne kaɗai zai gyara lokacin shansa.

Gwaggo dai ta samu sauƙi, kumburin ya sace. Karnen yanzu yana cikin ledar tare da tasbaharta. Ɗan nata kuwa an ce masa nan gaba ya aiko da atamfa.