Kafin kwari da baka su zama labari a Birnin Gwari

Kai da ke raba dare kana kallon bidiyon Turawan Kanada da Amurka suna haɗa tarko da jakar fata da hannu, irin na kakanninsu masu fataucin fatun namun daji, ka taɓa tambayar wa ya haɗa kwarin da ke rataye a ɗakin kakanka?

Su can sun riƙe tarihinsu gam. Kamfanin Hudson's Bay da aka kafa a 1670 don cinikin fatu, kayan mafarautan zamaninsa suna ajiye a gidajen tarihi. Mu kuwa namu gara ce ke ci.

A ƙasar Birnin Gwari, kayan maharbi ɗaya aikin mutane da yawa ne. Maƙeri ya ƙera kan kibiya da tarkon ƙarfe. A yanko kyauro a yi jikin kibiya. Majemi ya jeme fata da bagaruwa, baduku ya ɗinka kwari da warki da burgami. Dafin kibiya kuma, wanda ake haɗawa da kwankwani, sirri ne da uba ke raɗa wa ɗansa. Duk wannan ilimi a ka yake, babu littafi.

Shekarun ta'addancin 'yan bindiga sun raba mutane da dajin, ƙauyuka sun watse. Yau yaro ya ji an ce "daji", abin da ke faɗo masa a rai shi ne garkuwa da mutane. Tun sulhun da ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a Nuwamban 2024 an ɗan samu sarari, amma tsofaffin da suka san sana'ar suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Za ka ce, to ai farautar ce ta rage namun dajin. Da gaskiyarka. Dajin Kamuku an keɓe shi tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, kuma doka ta hana farauta a ciki. Ba wanda ya ce ka je ka ɗana wa gada tarko. Amma hannun da ya iya ɗinka kwari zai iya ɗinka jaka da takalmi a sayar, kuma wanda ya san sawun kowace dabba shi ya fi dacewa da aikin gadin daji.

Don haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, datar da kuke ƙonawa a rigimar TikTok, ku ware kaɗan. Ku je wajen tsohon maharbi ko maƙerin unguwarku, ku gaishe shi da ladabi, ku nemi izini kafin ku kunna kyamara. Ku tambayi sunan kowane abu, da wane icce ake yin baka, da yadda ake murɗa tsirkiya. Abin da ya ce sirri ne, ku bar masa kayansa. Sauran ku ɗora da Hausa, da sunan garin, tun masu bayanin suna raye.